Shoka ɗaya ko biyu? Ka sayi keken da fitan unguwarku zai iya gyarawa

Ranar Asabar da ta wuce ɗan yayata ya same ni a ƙofar gida, waya a hannu, baki har kunne. Wansa da ke aiki a Turai ya turo masa kuɗi, ya haɗa da abin da ya tara na shekara biyu, kuma ya riga ya ga keken da yake so a wajen wani mai sayar da kekunan hom-yus, wato na hannu da ake shigowa da su daga waje.

"Kawu, dubi wannan. Shoka gaba, shoka baya. Irin wanda ake hawa a Cape Epic ne fa."

Na karɓi wayar na duba. Keke ne mai kyan gani, ba ƙarya. Na tambaye shi abin da zai yi da shi. Ya ce shi da abokansa suna shirin tseren kwana huɗu a hanyoyin daji bayan damina, kuma burinsa wata rana ya fita waje ya yi gasa. Na ce masa, to idan shokar bayan nan ta saki iska a rana ta uku, kana tsakanin Salaga da Bimbilla, wa zai gyara maka? Ya yi shiru, sannan ya ce, "Ai ba za ta lalace ba, Kawu."

Haka ni ma na taɓa cewa. Shi ya sa na ga ya dace in rubuta wannan, domin ba shi kaɗai ba ne. Tamale gari ne na keke tun ba yau ba. Manyan titunanmu suna da gefen da aka ware wa masu keke, ko da yake 'yan tebur da masu babur da yelo-yelo sun cinye rabinsa. Amma a 'yan shekarun nan wani sabon abu ya shigo: samari masu hular kwano da matsattsun kaya, suna fita da asuba suna cin kilomita sittin kafin rana ta yi zafi. Da yawansu sun fara maganar tseren kwanaki, kuma kowa ido ya ɗora a kan keke mai shoka biyu. Ra'ayina shi ne, ga ɗan Tamale mai kuɗi ƙididdigagge, wanda zai yi tseren kwanaki a irin ƙasarmu, keke mai shoka ɗaya mai kyau ya fi masa alheri nesa ba kusa ba.

Bari in fara da bayanin kekunan biyu saboda wanda bai saba ba. Keken hawan duwatsu na zamani iri biyu ne. Na farko yana da shokozoba a cokalin gaba kawai, bayansa kuwa ƙarfe ne a sandare, tayar baya a ɗaure take kai tsaye da jikin keken. Shi Turawa ke kira hadtel. Na biyu yana da shoka a gaba, yana da wata a tsakiyar jiki, sannan an raba bayan keken da gabansa an haɗa su da gaɓoɓi masu boris, ta yadda tayar baya za ta riƙa hawa da sauka ita kaɗai idan ta taka dutse. Abin bai daɗe sosai ba a duniya. Kamfanin RockShox na Amurka ya fito da cokali mai shoka na farko da ya karɓu a kasuwa wajen 1989, kuma sai a 1996, a Atlanta, tseren irin wannan keke ya shiga wasannin Olamfik.

Ba zan tauye wa mai shoka biyu haƙƙinsa ba. Ɗan yayata bai yi ƙarya ba da ya ambaci Cape Epic. Wannan gasa ta Afirka ta Kudu, wadda aka fara a 2004, ita ce mafi suna a tseren kwanaki na keken duwatsu. Kwana takwas ake yi, mutum biyu-biyu, ana cin kilomita 600 zuwa 700, hawan da ake yi idan aka tara ya kai wajen mita dubu goma sha biyar. Manyan 'yan tseren da ke zuwa can, irin su Nino Schurter ɗan Suwizalan da ya ci gasar a 2017 da 2019, kekuna masu shoka biyu suke hawa, kuma da dalili. Hanyar can duwatsu ce da saiwoyi da gangara mai tsanani. A irin wannan wuri shokar baya tana sa taya ta zauna a ƙasa maimakon ta riƙa tsalle, birki ya fi kamawa, mutum ya fi sauri a gangara, kuma bayansa da cinyoyinsa ba sa shan duka kamar na mai shoka ɗaya. Idan aka yi kwana biyar ana haka, bambancin gajiya ba ƙarami ba ne.

Sai dai akwai abin da bidiyon YouTube ba ya nunawa. Idan waɗannan mutane suka sauka daga keke da rana, su sun gama aikinsu. Wani ne zai karɓi keken ya wanke, bakanike ya kwance abin kwancewa, ya duba boris, ya auna iskar shoka, ya sauya abin da ya ci, duk kafin gari ya waye. Akwai mota cike da kayan gyara a sansanin. Keken nan mai shoka biyu da kake gani yana tashi a kan duwatsu, akwai mutane a bayansa da ba a ɗauka a hoto. Wanda ya sayi keken bai sayi mutanen ba, rabin kaya ya saya.

Yanzu mu dawo gida mu dubi ƙasar da za mu taka. Tamale shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ce. Ka kama hanyar Yendi, ko ta Salaga, ko ta Daboya, ko ka bi ta Savelugu, abin da za ka tarar ɗaya ne: jan burji, gargada, yashi a kwari, tsakuwa, ƙananan hanyoyin gona masu ƙaya, sai ƙura. Hawan da ake samu doguwar tudu ce mai sauƙi wadda mutum zai zauna a kan sirdi ya yi ta tuƙi. Dutsen gaske sai ka je can wajen Nakpanduri a kan tsaunin Gambaga, ko duwatsun Tongo kusa da Bolgatanga. A hanya irin tamu, abin da ke cin tsere shi ne mutum ya iya juya feda awa biyar ko shida ba tare da ƙarfinsa ya tafi a banza ba, kuma keken ya kai shi masauki.

Duniya ma ta san da wannan bambancin. A Maroko akwai gasar Titan Desert da aka fara a 2006, ta kwanaki ce ita ma, cikin hamada da fili mai tsakuwa, kuma da yawa daga masu shiga shoka ɗaya suke zaɓa, saboda hanyar ta fi neman tuƙi fiye da tsalle. Akwai kuma Tour Divide, daga Banff ta Kanada har iyakar Amurka da Meziko, sama da kilomita 4,000, inda doka ta hana a bi mutum da motar taimako. Kowa shi ke ɗaukar kayansa, shi ke gyaran kekensa ko ya nemi shago a hanya. A can mafi yawan mutane ko dai shoka ɗaya suke hawa, ko kuma babu shoka ko ɗaya. Ba don ba su da kuɗin sayen mai biyu ba. Sun san cewa idan babu bakanike a bayanka, duk ƙarin gaɓa a jikin keke ƙarin wurin lalacewa ne. Halin ɗan Tamale ya fi kama da nasu fiye da na mutanen Cape Epic.

Ni da kaina na ɗanɗana. Shekarun baya mu biyar muka shirya zagayen kwana huɗu: Tamale zuwa Salaga, kusan kilomita 120, sai Bimbilla, sai Yendi, sannan mu dawo gida ta hanyar nan mai kusan kilomita 100, muna ratsewa ta hanyoyin ƙauye duk inda muka samu. Ni kaɗai ke da keke mai shoka biyu, hom-yus, wanda na saya wata uku kafin tafiyar, kuma wallahi ina ji da shi. Ranar farko na yi ta yi wa sauran dariya a kan gargada. Rana ta biyu da hantsi na fara jin ƙara a ƙarƙashina, ƙiiƙ-ƙiiƙ, duk juyin feda. Kafin azahar bayan keken ya zauna. Iskar shoka ta fice, sirdi ya yi ƙasa, feda na dukan ƙasa a duk ɗan tudu. Famfon da muke da shi na taya ne, ba ya iya hura shoka, domin ita famfonta daban ne, ƙarami mai matsi sosai. Ko da muna da shi ma, robar da ke riƙe iskar ce ta mutu.

A wani ƙauye muka sami fita a ƙarƙashin bishiyar darbejiya. Dattijo ne, ya juya keken, ya duba, ya girgiza kai.

"Ɗana, wannan ba aikina ba ne. Amma in kana so ka isa gida, zan cire ta in sa maka ƙarfe."

Haka aka yi. Ya yanko guntun bututun ƙarfe daidai tsawon shokar, ya kai wa mai walda aka huda shi gefe biyu, ya ɗaure a gurbinta. Allah ya saka masa da alheri, da wannan ƙarfen na ƙarasa kwana biyu da rabi. Wato na ƙare da keke mai shoka ɗaya, amma wanda ya fi na kowa nauyi, ga gaɓoɓin baya suna kaɗawa hagu da dama saboda boris ɗinsu ya ci. Abokaina huɗu kuwa, abin da ya same su a duk tafiyar bai wuce faci da tsinkewar sarƙa sau ɗaya ba, kuma duk a gefen hanya aka gyara.

Daga baya na gane laifin ba na keken ba ne kaɗai, nawa ne da ban san abin da na saya ba. Shoka tana da lokacin gyara kamar injin mota. RockShox na ba da shawarar a buɗe a sauya mai da robobi bayan awa 50 na hawa, a yi babban gyara bayan awa 200. Kamfanin Fox yana cewa awa 125 ko sau ɗaya a shekara. Mutumin da ke atisaye awa goma a mako, cikin mako biyar ya cinye awa 50. Kuma wannan lissafin ba a yi shi da hunturunmu ba. Daga Disamba zuwa Fabrairu ƙurar nan mai laushi kamar gari tana shiga ko'ina, ta haɗu da mai ta zama kamar takardar goge katako, ta ci roba, ta ci boris. Keke mai shoka biyu yana da boris shida, takwas, wani ma fiye, a gaɓoɓin baya kawai, kowanne da girmansa. Babban gyaran shokar baya kuwa yakan buƙaci kayan aiki na musamman, wasu ma har da iskar naitirojin.

To, ka shiga Aboabo ko Lamashegu ka tambayi fitocinmu. Mutane ne masu hannu, za su ɗaure maka wili ya miƙe sak, su gyara giya, su sauya boris na feda da na kai, su yi maka dabarar da injiniya bai yi tunaninta ba. Amma robar shokar baya ta wani keken da aka ƙera shekara goma sha biyu da suka wuce, ba a kan teburinsu take ba. Sai an aika Kumasi ko Accra, wani lokacin sai an roƙi ɗan'uwa a waje ya saya ya ba mai zuwa. Kafin ta iso an yi wata biyu keke na jingine a zaure, atisaye ya tsaya. Na san za a ce ai cokalin gaba ma shoka ne, shi ma yana son gyara. Gaskiya ne. Amma guda ɗaya ne, ƙaramin gyaransa mutum zai iya koya ya yi a tsakar gida, kuma ko ya daina aiki a hanya keken yana tafiya.

Sai maganar kuɗi, wadda ita ce ta fi damuna game da ɗan yayata. Idan aka ajiye kekuna biyu masu farashi ɗaya, mai shoka ɗaya kusan kullum ya fi kyan giya, ya fi kyan birki, ya fi kyan wili da cokali, kuma ya fi sauƙin nauyi da kilo ɗaya ko fiye. Dalili a fili yake: kuɗin da aka kashe wajen shokar baya da gaɓoɓinta, daga sauran kayan aka rage shi. Mai shoka biyu na ƙwarai yana da tsada sosai. Wanda ke zuwa mana da araha kuwa iri biyu ne. Ko dai tsohon keke ne mai kyau wanda mai shi ya rabu da shi saboda kuɗin gyaransa ya kusa kai kuɗinsa, ko kuma irin na manyan kantunan Turai ne mai sifirin a baya don ado, wanda duk taka feda sai ya lotsa ya shanye ƙarfin mutum. Araha ba ta ado, in ji Hausawa, kuma a nan ba ta kai mutum Yendi.

Akwai wani abu kuma da wanda bai yi doguwar tafiya a arewa ba ba zai kawo a ransa ba, shi ne ruwa. A watan Maris zafin Tamale yakan taɓa digiri 40. Jikin keke mai shoka ɗaya fili ne a tsakiya, yana ɗaukar gora biyu manya, har da 'yar jakar kayan gyara. Yawancin tsofaffin masu shoka biyu gora ɗaya suke ɗauka, ƙarama ma, saboda shokar ta cinye wurin. Sauran ruwan sai a goya a baya, bayan da aka ce ana so a hutar. A tsakanin ƙauyukanmu mutum zai iya yin awa ɗaya bai ga mai sayar da ruwan leda ba. Ban taɓa ganin wanda ya bar tafiya saboda rashin shokar baya ba, amma na ga wanda ƙishirwa ta kwantar a gindin kaɗanya.

Babbar hujjar masu shoka biyu ita ce ciwon baya da gajiya, kuma ban raina ta ba. Gargada tana kaɗa mutum har haƙora. Amma kafin a kai ga shoka, a fara duba taya. Yawancinmu muna zuwa wajen mai faci ya hura mana taya ta yi tauri kamar dutse, muna ganin haka ne sauri. A kan kwalta wataƙila, amma a kan burji taya mai tauri tsalle take yi, tana ɓata ƙarfi tana dukan jiki. Wili mai inci 29, taya mai faɗin inci 2.3 ko 2.4, wadda ba ta da tif a ciki sai ruwan nan mai toshe huda, a hura ta wajen 22 zuwa 26 a ma'aunin famfo gwargwadon nauyin mutum, za ka ji kamar an sauya maka keke. Ƙananan girgizar gargada taya ce ke fara shanye su kafin kowace shoka. Ruwan toshe hudar kuma shi ne maganin tsidau da ƙayar daji, sai dai zafinmu na busar da shi da wuri, don haka a riƙa dubawa ana ƙarawa. Bayan taya sai sirdin da ya dace da mutum, wando mai soso, tsayin sirdi daidai, da koyon ɗaga jiki kaɗan idan an zo wuri mai muni. Duk waɗannan a haɗe ba su kai kuɗin shokar baya ta kirki ba.

Ban ce kada kowa ya sayi mai shoka biyu ba. Idan gasar da za ka shiga ta duwatsu ce, irin ta tsaunukan Kwahu ko Aburi ko wajen ƙasa, idan kana da kuɗin sayen na ƙwarai kuma ka ware na gyaransa duk shekara, idan ka san inda za ka samo robobi da boris kafin su mutu, saya, za ka ji daɗinsa. Haka ma wanda shekaru suka fara ja ko mai tsohon ciwon baya, lafiyarsa ta fi kilo ɗaya na nauyi. Abin da nake ƙi shi ne yaro ya zuba duk abin da ya mallaka a kan keken da ya gani a waya, ya rage ba shi da kuɗin taya, ba shi da na abinci, ba shi da na motar da za ta kai shi wurin gasar.

Domin tseren kwanaki ba keke kaɗai yake ci ba. Akwai tayoyi biyu sababbi da ɗaya ta ajiya. Akwai sarƙa, da mahaɗin sarƙa na gaggawa, da takalman birki, da ɗan ƙarfen nan da ke riƙe giyar baya, wanda idan ya karye ba ka da wani tafiya ta ƙare, kuma kowane keke da irin nasa. Akwai hular kwano ta gaske, fitila, man sarƙa mai jure ƙura. Akwai abinci, domin mai tuƙin awa shida a rana yana ci kamar mutum biyu, tun daga watannin atisaye. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Abin da na gaya wa ɗan yayata ke nan. Na ce ya raba kuɗinsa uku, kashi biyu ga keke mai shoka ɗaya na alminiyam, mai wili 29 da birkin mai da cokali mai iska, kashi ɗaya ya ajiye don taya da kayan gyara da ciki. Na ce kafin ya biya ya tafi da fitansa, a ɗaga keken a juya wili, a duba jiki ko akwai tsaga kusa da walda, a danna cokali a ga ko yana dawowa lafiya ba ya zubar da mai. Kuma ya tambayi fitan kai tsaye: Masta, idan wannan ya lalace za ka iya? In ya ce e, a yi ciniki.

Bai ji daɗi ba, na gani a fuskarsa. Ya ce abokansa za su ce ya sayi keken tsofaffi. Na shiga ɗaki na ɗauko masa guntun bututun ƙarfen nan, wanda har yau ina ajiye da shi, na ce ya kai musu su gani. Ya jujjuya shi a hannu, ya yi dariya, ya ce zai yi tunani. Jiya da yamma ya kira ni yana tambaya ko ina da lokaci ranar Asabar in raka shi Aboabo, wai ya ga wani mai shoka ɗaya yana so mu duba tare da fitansa.